Baƙin Zanen da Ya Hau Allon Majigi a Daren Bandiri

Ƙanena ne ya fara gani. Yana tsugune a bayan kyamara, ni kuma ina tsaye ina kare wayoyi kada yara su tattake su, sai ya ja gefen rigata ya ce, "Yaya, dubi allo." Na ɗaga kai. A kan farin ƙyallen da muka ɗaure a bangon soro, fuskar mai ja mana baiti ta fito sarai, rawaninsa fes, amma ga wasu baƙaƙen zane a kwance, faɗin kowanne kamar tafin hannu, suna hawa daga ƙasa zuwa sama ba tsayawa. Na juya na dubi mutumin da idona, babu komai a fuskarsa. Na sake duban allo, zanen na nan yana tafiya.

Daren Mauludi ne, cikin Satumbar 2024, a wani lungu na unguwar Kabara. Wanda ya san birnin Kano ya san abin da wannan suna ke nufi. Unguwar ta samo sunanta daga Malam Umaru Kabara, wanda asalinsa ke komawa Kabara ta bakin kogin Kwara kusa da Tumbutu. A nan Gidan Ƙadiriyya yake, kusa da fadar Sarki, gidan Shehu Muhammad Nasiru Kabara da ya rasu a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya gaje shi. Yaron da ya tashi a waɗannan lunguna da amon bandiri ya yi wayo. Zawiyarmu ƙarama ce, ba ta kai a ambace ta ba in ana lissafin manya, amma daren Mauludi lungu kan cika har bakin titi, mata da tsofaffi kuwa suna cikin gida, sai dai su ji a lasifika. Shi ya sa a wannan shekara dattawa suka yarda ƙanena ya gwada abin da ya daɗe yana roƙo: ya ɗauki majalisa da kyamara, hoton ya riƙa fita nan take a allo biyu, ɗaya a waje, ɗaya a tsakar gida.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Kyamarar bidiyo ce 'yar ƙarama ta hannu, wadda ya saya da kuɗin ɗaukar bukukuwa, sai majigi na aro guda biyu, da ƙaramin akwatin raba hoto, da doguwar wayar HDMI. Irin wannan haɗi ne masu gidajen rawa na Legas da Landan ke yi idan suna son a ga makaɗi a babban allo, sai dai nasu da kuɗi, namu da dabara. Haske kuwa ƙwayayen fitilar LED ne masu araha da aka jera a igiya, da manya biyu da aka saita kan masu bandiri, duk a kan janareta ɗaya.

Haka aka kwana da zanen nan. Da safe magana ta zaga. Wata gwaggonmu ta ce da ni, "Ɗan nan, ba kowane zama ba ne yake yarda a ɗauke shi." Ban musa mata ba, don na san daga girmamawa maganar ta fito, kuma ni kaina ban da amsar da ta fi tata a lokacin. Wasu suka ce yaro ya sayi ruɓaɓɓiyar kyamara. Wannan ce ta fi yi wa ƙanena ciwo, domin da ita yake ci, ita ce jarinsa. Dattawa suka ce a sake ba shi dama a daren Takutaha, ranar da Kanawa ke bikin sunan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har a hau Dala. Mako guda ke nan a hannunmu.

Majigi muka fara tuhuma, tunda na aro ne kuma ya tsufa. Muka haɗa shi da kwamfuta muka saka wani tsohon karatu, hoto ya fito tas. Muka sake waya, muka cire akwatin raba hoto, duk lafiya lau. Sannan ƙanena ya tuna cewa kyamarar ta naɗi abin da ta ɗauka a katinta. Da muka buɗe, ga zanen a ciki. Ashe tun kafin hoto ya bar kyamara ya riga ya ɓaci. Na lura da wani abu a naɗin, amma ban ba shi muhimmanci ba: zanen ba ya tafiya da sauri ɗaya. Wani lokaci yakan canza taku na 'yan mintuna, sannan ya koma yadda yake.

To, kyamarar ce ke nan? Ƙanena ya fita da ita da hantsi, ya ɗauki masu tallan ƙosai da 'yan adaidaita a bakin titi. Ko ɗigon zane babu. Da magariba aka kawo wuta, ya ɗauki mahaifiyarmu a ɗaki tana lazimi, zane ya dawo. Aka ɗauke wuta, muka kunna fitilar sola mai batir, zane ya ɓace. Muka zauna shiru a duhun tsakar gida. Kyamara ɗaya ce, mai riƙe ta ɗaya, rana ba ta kawo zane, batir ba ya kawowa, sai ƙwan da ke cin wutar bango. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wanda ya warware mana wannan ƙulli wani dattijo ne abokin mahaifinmu, ya yi shekaru yana gyaran talabijin tun zamanin baƙi-da-fari. Da muka kai masa labari bai taɓa kyamarar ba. Ya ce da ƙanena, "Kawo wayarka, sa ta a ɗaukar nan mai rage gudu, ka nuna wa ƙwan shagon nan." Muka kalli abin da ta ɗauka. Ƙwan da idonmu ke gani a tsaye cak, a wayar yana ƙiftawa kamar mai ciwon ido.

Ya ce, "Kun ga, wutar lantarkin da ke zuwa gida ba kamar ruwan famfo take ba. Tafiya take tana dawowa. A Najeriya da Nijar da Ingila sau 50 take wannan kai-komo a kowane sakan. Cikin kowane zagaye ƙarfinta yakan kai ƙololuwa sau biyu, ya faɗi ƙasa sau biyu, don haka ƙwai yakan yi haske ya dushe sau 100 a sakan. Ido ba ya kama wannan. Kyamara tana kamawa."

Ƙanena ya ce, "Baba, to ai tun da can ana ɗaukar biki da dare, ban taɓa ganin wannan a tsofaffin kaset ba."

Dattijon ya ji daɗin tambayar, ya gyara zama. Abu biyu ne suka canza, in ji shi. Na farko fitila. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, zaren ƙarfe ne ke yin ja don zafi, kuma kafin ya huce wuta ta dawo, saboda haka ƙiftawarsa kaɗan ce ƙwarai. LED ba ta da wannan jinkiri, da wuta ta ragu take dushewa, sai fa in an saka mata abin da ke tara wuta yana cike giɓin, kuma a nan ne masu ƙera ta araha ke rage kuɗi. Na biyu kyamara. Waɗanda aka ɗauki finafinan bidiyo na Hausa na farko da su, tun daga Turmin Danya a 1990 har zamanin ƙananan kaset, farantin da ke karɓar haske a cikinsu yana ɗaukar hoton gaba ɗaya a lokaci guda. Na yanzu, har da na waya, yawanci layi-layi suke karantawa daga sama zuwa ƙasa, kamar ɗalibi yana bin allonsa da yatsa. Layin da aka karanta lokacin da ƙwai ke haske ya fito fari, wanda aka karanta lokacin da ya dushe ya fito da duhu. Ga zanenku.

Na ce, "To me ya sa wasu masu ɗauka ba sa fama da shi?" Sai a lokacin ya miƙa hannu ya karɓi kyamarar, ya juya ƙasanta ya karanta 'yar takardar da ke manne. Ya ce, "Wannan don kasuwar Amurka aka yi ta."

Wutar Amurka sau 60 take zagayawa a sakan, ƙwansu na ƙiftawa sau 120. Kyamarar da aka tsara domin can takan buɗe ido na kashi ɗaya cikin 60 na sakan, wanda ya yi daidai da ƙiftawa biyu cif, don haka kowane layi yana samun haske daidai da ɗan'uwansa. Kawo ta Kano, inda ƙiftawa 100 ce, sai buɗewar idonta ta kama ƙiftawa ɗaya da kashi biyu cikin uku. Wannan ɓurɓushin da ya rage shi ne matsalar: wani layi ya samu rabo mai haske, wani mai duhu. Wannan rabuwa ta 50 da 60 ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da kamfanin AEG na Jamus ya tsaya kan 50, Westinghouse na Amurka ya tsaya kan 60. Japan har yau a rabe take gida biyu, domin Tokiyo ta sayo injinan Jamus, Osaka ta sayo na Amurka. Saudiyya ma 60 ce, shi ya sa alhaji kan ga irin wannan zane a wayarsa a masauki a Makka, ya dawo gida ya ga babu. Kamfanonin kyamara sun san da wannan, har wasu kan bai wa kaya iri ɗaya suna biyu: Canon na sayar da ƙananan kyamarorinsa na bidiyo da sunan Vixia a Amurka, Legria a Turai.

Muka yi sa'a, a can cikin saitin kyamarar akwai wurin zaɓa tsakanin 50 da 60. Ƙanena ya mayar da ita 50, ya kulle buɗewar ido a kashi ɗaya cikin 50 na sakan. Ya nuna wa ƙwan shagon, hoto ya fito sumul. Mun koma gida ranar kamar waɗanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ana gobe Takutaha muka ɗaura fitilu, muka tayar da janareta, muka gwada a lungun babu kowa. Allo tas.

Daren ya zo. An buɗe da karatun Alƙur'ani, allo lafiya. Malam ya yi bayanin haihuwa da shayarwa, allo lafiya, har ina jin guɗa daga cikin gida lokacin da mata suka ga fuskarsa a bango. Sai masu bandiri suka fara gyara zama. Kafin a buga na farko, zane ya dawo.

Murna ta koma ciki. Amma da na natsu na ga ba irin na farko ba ne. Wannan bai kai shi baƙi ba, ya fi faɗi, kamar inuwar gajimare. Ya yi 'yan mintuna, bandiri ya kankama, sai ya ɓace da kansa. Aka yi zagaye guda aka huta. Ana shirin na biyu, ya sake bayyana. Sau uku ina ƙirgawa, kuma kowane karo gab da za a ɗauki bandiri ne. Wani tsoho da ke kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Kun gani ko? Wurin ne." Ban ɓoye ba, tsigar jikina ta tashi. Abin da ke zuwa daidai lokacin da zikiri zai ɗau zafi, ya tafi idan ya ɗauka, yana da wuya mutum ya ce masa tsautsayin na'ura.

Kunne ne ya cece mu. Yaron da ke kula da janareta ya zo wucewa da galan, ƙanena ya tare shi ya ce, "Kai, me ya sa injin nan ke nishi?" Sai a lokacin na saurara. A karo na huɗu da zanen ya hau allo, muryar janareta ta yi ƙasa, ta koma gurnani, fitilun igiya ma suka ɗan rage haske. Na tuna canjin takun da na gani a naɗin daren farko na share.

Dattijon mai gyaran talabijin yana cikin jama'a. Na tsuguna gefensa na ce, "Baba, inji yana sauka idan zanen ya zo." Ya ce, "To an ɗora masa kaya ne. Nemo mitar da ke jakata." Bayanin da ya yi mini a gurguje shi ne: ƙaramin janareta irin namu sai ya juya sau 3000 a minti kafin ya ba da zagaye 50 a sakan. Akwai abin da makanikai ke kira gwamna, mai ƙara mai idan nauyi ya ƙaru, amma a ƙaramin inji da ya sha aiki ba ya iya riƙe gudun daidai. Nauyi ya hau, gudu ya sauka, zagayen wuta ya sauka tare da shi. Muka soka mita a soket. Lokacin da allo ke tas tana nuna 50 da ɗan ɗoriya. Da gurnani ya dawo ta faɗo 47. Wato ƙwai yana ƙiftawa sau 94 a sakan, kyamara kuwa mun ɗaure ta a kan lissafin 100. Ɓurɓushi ya dawo ta wata ƙofa.

Saura tambaya ɗaya: wa ke ɗora wa inji kaya, kuma me ya haɗa shi da bandiri? Lasifika tana kunne tun farko, fitilu ma haka. Na bi wayoyin da suka fita daga janareta ɗaya bayan ɗaya da fitilar wayata. Biyu sun tafi fitilu, ɗaya amfilifaya, ɗaya majigi. Ta biyar, wata siririya, ta bi gindin bango ta shige wani ƙaramin zaure a bayan masu bandiri. Na ɗaga labule. Wani almajiri na zaune, gabansa hita irin ta dafa abinci ta yi jajir, yana riƙe da bandiri a samanta yana jujjuya shi, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare.

Duk wanda ya taɓa riƙe bandiri ya san fata ce, kuma fata tana shan danshi. Idan ta saki, amonta ya mutu, sai an gasa ta ta ɗaure. Tun kakanni da kaskon gawayi ake yi. Amma watan Mauludi yana zagaya shekara, yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka duk shekara, kuma a 2024 ya faɗo a ƙarshen damina. Iska jiƙe take, fata na saki bayan kowane zagaye, gawayin da aka tanada kuma ruwa ya taɓa shi. Sai wani mai son alheri ya kawo hita daga gida. Irin wannan hita takan ci wat 1000 ko fiye, ita kaɗai ta fi duk fitilun lungun haɗe. Yaron yakan kunna ta gab da za a fara, ya kashe idan an karɓi bandiran. Ranar gwaji babu bandiri, don haka babu hita.

Ban yi masa faɗa ba, aikinsa yake yi kuma da kyau yake yinsa. Na ce, "Malam ƙarami, kashe ta tukuna." Ya zare waya. Daga inda nake na ji janareta ya saki numfashi, ƙanena ya ɗaga mini hannu daga bayan kyamara. Aka aika gidan maƙwabta aka samo garwashi a kasko, aka ƙarasa dare da shi har asuba.

Washegari na je na faɗa wa gwaggo duk yadda aka yi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To Alhamdu lillahi, ai ni da ma fuskar Malam nake son gani." Ta kuma gan ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, saura ƙiris ƙanena ya sayar da kyamarar nan da asara ya ci bashi ya sayi mai tsada, alhali mai tsadar ma da zanen za ta fito a ƙarƙashin wannan fitila da wannan inji. Na ga matasa da yawa a Kano masu ɗaukar walima da saukar karatu da majalisi suna zuba duk jarinsu a kyamara, su bar haske a hannun duk ƙwan da suka tarar a wurin. A ganina an juya lissafin. Kafin watan Rabi'us Sani, lokacin Maukibin Ƙadiriyya na tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, da zawiyarmu ta yi nata zaman dare, abin da ƙanena ya saya fitila biyu ce masu aiki da batir, ya saita su kan masu bandiri. Wutar batir a miƙe take, ba ta kai-komo, saboda haka ko janareta ya yi nishi fuskokin da ke allo ba su sani ba. Sai dai ya gano cewa wasu fitilun batir ma kan ƙifta idan aka rage musu haske, don haka yakan bar su a cike, in haske ya yi yawa ya ja su baya.

Ba ina cewa kowace kyamara daidai take da kowace ba. Ƙaramar kyamara farantinta ƙarami ne, idan haske ya yi ƙaranci hoto kan cika da ƙura kamar an watsa gero. Kuma aikin nuna hoto kai tsaye yana da nasa sharuɗɗa da mai ɗaukar biki bai damu da su ba. Dole hoton da ke fita ta HDMI ya zama babu rubuce-rubucen batir da lokaci a kansa, in ba haka ba jama'a za su kwana suna kallon alamar batir a goshin Malam. Dole kyamarar ta iya aiki tana jone da wuta awa shida ba ta yi zafi ta mutu ba, abin da yawancin wayoyi da wasu kyamarorin ɗaukar hoto ba sa jurewa. Wayar HDMI idan ta wuce kamar mita 15 takan fara yanke hoto, sai an sa abin ƙara mata ƙarfi. Kuma duk na'urar da aka ƙara tsakanin kyamara da majigi tana ƙara jinkiri. A wa'azi ba a lura, amma a bandiri, idan hannu ya sauka a allo bayan kunne ya riga ya ji bugun, kowa zai ji wani abu bai zauna ba. Shi ya sa ƙanena ya daina bi ta kwamfuta idan allo kawai ake so. Mai son haɗa kyamara biyu ko uku, akwai manhajar OBS da ake samu kyauta, akwai kuma ƙaramin akwatin ATEM Mini da ya fito a 2019 mai karɓar kyamara huɗu, amma wannan mataki ne na gaba, bayan an gama da haske.

Kai da ke shirin zuwa Titin Beirut ko kasuwar Sabon Gari da kuɗin da ka daɗe kana tarawa, kada ka gwada kyamara a bakin ƙofa cikin rana. Shiga can cikin shago, ka ce a kunna ƙwai mafi araha da ke wurin, ka nuna mata farin bango. Sannan ka buɗe saitinta ka nemi lamba 50 ko 25, ka tabbatar kana iya kulle buɗewar idonta da hannunka. In babu, ajiye ta ka dubi wata.